Kyamarar tsaro a zangon megahaz 900: za ta yi aiki a gonar dabino a Madina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da wata mazra'ar dabino a wajen Madina, kuma an sha shiga da dare ana yanke mana wayar famfon rijiya. Ina so in sa kyamara shida: biyu a ƙofar shiga, mita 300 daga gidan da muke kwana, biyu a rijiya, mita 800 ta cikin dabino, biyu kuma a garken tumaki can ƙarshen gona, sama da kilomita ɗaya. Wi-Fi na gida ko ƙofa ba ya kai wa. Ɗana ya nuna min wasu na'urori a intanet masu aiki a megahaz 900, an rubuta suna kai kilomita ɗaya, suna ratsa bango da itatuwa, gudunsu megabit 32. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba. Kada ka sayi wannan da ɗanka ya nuna maka tukuna. Nisan da aka rubuta gaskiya ne, gudun ma gaskiya ne, amma ba a samun su biyun tare. Sannan yawancin na'urorin nan da ake tallatawa a intanet an ƙera su ne don zangon Amurka, wato yankin igiyar rediyo da aka ware musu a can, wanda a nan Saudiyya wurin kamfanonin waya ne. Bari in warware maka dalla-dalla, don fasahar tana da amfani ƙwarai idan aka ba ta aikin da ya dace da ita.

Abin da ka gani sunansa Wi-Fi HaLow. Ƙa'idarsa a wurin injiniyoyi ita ce IEEE 802.11ah, an fitar da ita a 2017, ƙungiyar Wi-Fi Alliance kuma ta fara tantance na'urorinsa a ƙarshen 2021. Wi-Fi ne sosai, da tashar karɓa ɗaya, wadda masu shago ke ce wa AP, da na'urori da ke jone da ita, da kalmar sirri da komai. Bambancin shi ne ya sauko ƙasa da gigahaz ɗaya, maimakon 2.4 da 5 da muka saba. Don haka wayarka ta hannu ba za ta gan shi ba. Yadda ake yi, a haɗa kyamara da ƙaramin akwatin rediyo ta wayar sadarwa, akwatin ya yi magana da tashar da ke gida, tashar kuma a jona ta da rikoda ko rauta.

Dalilin da ya sa yake kai nisa ba sihiri ba ne. Tsawon igiyar rediyo a megahaz 900 kusan santimita 33 ne, a gigahaz 2.4 santimita 12 da rabi, a gigahaz 5 kuwa wajen 6. Doguwar igiya ta fi iya kewaya gungume da kusurwar gini, kuma ruwan da ke cikin ganye da kututture ba ya shanye ta kamar yadda yake shanye gajera. Gonar dabino kuwa, a idon rediyo, ruwa ne a tsaye jere-jere. Idan eriya iri ɗaya ce, sauka daga 2.4 zuwa 900 kaɗai yana ba ka ribar desibel 8 da rabi (desibel ma'aunin ƙarfin sigina ne). Sai faɗin hanya: Wi-Fi na gida yana amfani da hanya mai faɗin megahaz 20 ko fi, HaLow kuwa yana iya tsukewa zuwa megahaz 1. Tsukakkiyar hanya ba ta kwasar hayaniya da yawa, wannan wata riba ce ta desibel 13. A fili fetal, kowane desibel 6 yana ninka nisa, to ka ga waɗannan biyun idan aka haɗa sun haura ninki goma. Kamfanin Morse Micro na Ostareliya, ɗaya daga cikin masu ƙera ƙwaƙwalwar waɗannan na'urori, ya yi gwaji a 2024 a dajin Joshua Tree na Amurka ya samu haɗi a tazarar kilomita 16. Amma can hamada ce da babu gini, babu wata rediyo kusa, eriya tana ganin 'yar'uwarta.

Yanzu ga kuɗin da ake biya. Faɗin hanya shi ne gudu. HaLow yana da hanyoyi masu faɗin megahaz 1, 2, 4, 8 da 16. Lambar 32 da ka gani ta hanyar megahaz 8 ce, a mataki mafi sauri da waɗannan akwatuna ke kai wa, lokacin da sigina ke da ƙarfi ƙwarai, wato na'urorin suna kusa. A wannan matakin dai, hanyar megahaz 4 tana ba da megabit 15, ta 2 wajen 7, ta 1 kuma 3 da ɗan ɗoriya. Waɗannan lambobin takarda ne, abin da ke isa rikoda a zahiri yakan kasance rabi zuwa kashi biyu cikin uku, domin sauran yana tafiya a gaisuwa tsakanin na'urori, da jiran fili, da maimaita abin da ya ɓata. Da nisa ya ƙaru, na'urar da kanta take rage gudu don kada haɗi ya yanke, har ta kai mataki na ƙasa, kilobit 150 a daƙiƙa, inda take faɗin kowace magana sau biyu. A wannan matakin ne ake cin dogon nisa ta cikin itatuwa.

Kyamara kuma ga cikinta. Mai hoto 1080 idan tana matse bidiyo da H.264 tana cin megabit 2 zuwa 4 ba tsayawa, da H.265 kuwa 1 zuwa 2. Da dare abin ya fi muni, domin hoton dare yana da ƙura-ƙura, ga ganyen dabino iska na kaɗawa, ga ƙwari suna shawagi gaban fitila, kyamarar tana ɗaukar duk wannan a matsayin motsi, sai ta ƙara cin hanya daidai lokacin da kake buƙatarta. Shida ɗinka, ko da H.265 ne, suna neman megabit 6 zuwa 12 dare da rana.

Abin da masu talla ba sa bayyanawa shi ne iskar ta kowa ce. Tasha ɗaya, hanya ɗaya, na'ura ɗaya ce ke magana a lokaci guda. Kamar layin famfo ne: mai jarka mai tsukakken baki shi ke daɗewa a kan famfo, duk da ba ruwa ya fi kowa ɗiba ba, na bayansa kuma dole su jira. Kyamarar garke da ke can nesa tana magana a hankali, don haka ita za ta cinye yawancin lokacin, har ta ƙofa da ke kusa ta fara sarƙewa. Ƙari a kan haka, ta ƙofa da ta garke ba lallai su ji juna ba, kowacce ta ɗauka fili babu kowa, su yi magana tare, tashar ta kasa fahimtar ko ɗaya. Ƙa'idar HaLow tana da dabarar raba wa na'urori lokaci rukuni-rukuni, kuma tasha ɗaya a rubuce tana iya riƙe na'urori 8191, sai dai an yi wannan lissafin ne da mitoci da na'urorin auna zafi masu aika 'yan kalmomi su koma barci. Ba a yi shi da kyamarori masu zuba ba dare ba rana ba.

Duk wannan za a iya lallaɓa shi da saiti. Wanda ba a lallaɓawa shi ne maganar zango, kuma a nan nake so ka tsaya ka karanta da kyau.

Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta kasa duniya shiyya uku. Amurka tana shiyya ta biyu, a can an ware megahaz 902 zuwa 928 kowa ya yi amfani ba lasisi, fili mai faɗin megahaz 26, da ƙarfin aikawa har wat ɗaya. Saudiyya tana shiyya ta ɗaya tare da Turai da Afirka. A wannan shiyya, 880 zuwa 915 shi ne inda wayar hannu ke aika magana zuwa hasumiya, 925 zuwa 960 kuma inda hasumiya ke mayar da amsa. Ka ɗora zangon Amurka a kan wannan ka gani: rabinsa na ƙasa, daga 902 zuwa 915, yana zaune daram a kan muryar wayoyi, bakinsa na sama kuma ya shiga cikin muryar hasumiya. Kuma a bayan gari, irin wurin da gonarka take, waɗannan ƙananan zanguna su kamfanonin waya suka fi dogaro da su, saboda dalilin da ya ja hankalinka kai ma, wato nisa.

Illar ta fuska biyu ce. Hasumiya kunne gare ta mai kaifi, an yi ta ne ta ji raunanan muryar waya daga kilomitoci. Akwati mai ƙarfi a kan dogon ƙarfe yana watsa bidiyo awa 24 a wannan wuri zai iya danne wayoyin mutanen da ke kewaye, maƙwabcinka ya rasa sabis a daren da yake neman motar asibiti bai san dalili ba. Kamfanoni suna ganin irin wannan hayaniya a na'urorinsu, kuma ana bin sawu a gano inda take fitowa. Ta ɗaya fuskar, kyamararka ma ba za ta zauna lafiya ba: duk wanda ya ɗaga waya kusa da akwatin, ko shi kansa haris, wato mai gadi, zai iya sa hoto ya daskare. Na fi damuwa da ta farko. Kai baƙo ne ko ɗan ƙasa, gonar taka ce ko ta kafil, wato uban gidan da ya tsaya maka, ba ka buƙatar a zo a same ka da na'urar da ke kutse cikin zangon da wani ya biya lasisinsa.

Mai iko da wannan a Saudiyya ita ce Hukumar Sadarwa da Sararin Samaniya da Fasaha, CST, wadda kafin 2022 ake kira CITC. Duk na'urar da ke watsa sigina sai ta dace da sharuɗɗanta. Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai sayarwa ita ce ya nuna maka shaidar amincewar CST ta wannan samfurin, da lambarsa, ya kuma rubuta maka zangon da yake aiki a kai cikin fatura, wato rasit. Idan ya ce ai ana canzawa a saiti, kada ka yarda da sauri. Eriya da matatar da ke cikin akwatin an auna su ne da wani zango, idan ka ja na 915 zuwa 868 zai yi aiki da rauni.

To me ya rage a shiyyarmu? Wurin da aka saba bai wa ƙananan na'urori shi ne wajen 863 zuwa 870, HaLow kuma yana amfani da 863 zuwa 868. Megahaz biyar ke nan gaba ɗaya. Hanyar megahaz 8 ba za ta shiga cikin fili mai faɗin 5 ba, ka ga maganar megabit 32 ta faɗi tun daga nan. Dokar Turai, wadda masu ƙera samfurin 868 ke bi, ta ƙara tsuke abin: hanya kada ta wuce megahaz 1, ƙarfi miliwat 25, sannan akwai kason lokacin magana, tashar karɓa kashi 10 cikin ɗari, sauran na'urori kashi 2.8. Ka yi lissafin da kanka. Kashi 2.8 na awa ɗaya daƙiƙa ɗari ne. A gudun megabit 2 na zahiri, daƙiƙa ɗari suna ɗaukar megabait 25. Wannan ya isa hotuna tsayayyu wajen ɗari biyu a awa, ko 'yan gajerun bidiyo na lokacin da aka ga motsi, amma kallon kai tsaye dare da rana ba ya cikin lissafi. Iyakar da za ta hau kanka a nan ita ce wadda ke cikin takardar CST, sai dai na'urar da aka ƙera don 868 da wannan halin take zuwa.

Wani zai ce maka LoRa, wani tsarin rediyo ne na daban, shi ma ƙasa da gigahaz ɗaya yake kuma ya fi kai nisa. Gudunsa bai wuce 'yan gomman kilobit ba, bidiyo ba aikinsa ba ne. Amma don na'urar da za ta sanar da kai an buɗe akwatin wutar famfo ko wuta ta yanke, ya dace ƙwarai.

Ga yadda zan tsara gonar da ni ne. Tushen komai: kowace kyamara ta naɗi bidiyonta a jikinta, cikin katin memori irin wanda aka yi don naɗi ba tsayawa, kada amincin shaidarka ya rataya a kan rediyo. Megabit ɗaya a daƙiƙa yana cin gigabait kusan 11 a yini, kati mai 256 ke nan zai riƙe sama da mako uku. Rediyo aikinta ta kawo maka faɗakarwa, da hoto, da ƙaramin bidiyon nan na biyu da kowace kyamarar kirki ke da shi, mai cin kilobit 256 zuwa 512. Ka zaɓi kyamara mai bambance mutum da mota daga kyanwa da ganye, in ba haka ba cikin kwana kaɗan za ka gaji da ƙarar banza ka kashe ta. Katin kuma yana da rauni ɗaya, ɓarawo zai iya cire kyamarar ya tafi da ita. Maganinsa a kafa biyu suna kallon juna, a kuma saita hoton farko ya tafi gida nan take.

Ƙofa, mita 300. Wayar sadarwa ta tagulla iyakarta mita 100, ba za ta kai ba. Idan daga rufin gida ana hango ƙofar, sa eriya biyu masu kama da faranti na gigahaz 5 masu kallon juna, irin na Ubiquiti ko MikroTik ko TP-Link da ake sayarwa a shagunan cikin ƙasa, a saita ƙasa a kan Saudiyya. Za su ba ka gomman megabit, cikakken hoto har lambar mota. Ƙofa ce wurin da kake buƙatar hoto mai kyau fiye da ko'ina.

Rijiya ita ce ciwon, don haka nan za ka kashe kuɗi. Ra'ayina a ja faiba, wato wayar sadarwa mai kai saƙo da haske. Na san mutane suna jin tsoron sunan, amma faiba gilashi ce, ba tagullar da ɓarawo zai sayar, tsawa ba ta binta, mita 800 kuma wasa ne a wurinta. A zura ta cikin bututun roba a binne kusa da babban layin ban ruwa, a yi alama don masu haƙa. Ga wuta a rijiya dama, sai dai a sa ƙaramin batir, domin abu na farko da mai yanke waya ke yi shi ne kashe wuta. Idan haƙa ba zai yiwu ba, a nemi tsayi: tankin ruwa na sama ko dogon ƙarfe da ya haura kan dabino, a harba gigahaz 5 ta bisa.

Garke ne wurin da zan yarda da ƙasa da gigahaz ɗaya, idan ka samu samfurin da CST ta amince da shi, don faɗakarwa da hotuna. In ba ka samu ba, kyamara mai shariha, wato layin waya, ta 4G da sola tana yin wannan aikin, muddin akwai sabis a wurin.

Akwai kuskuren da ake yawan yi da eriyar waɗannan na'urori. Tunda an ce tana ratsa itace, sai a ɗaure ta a jikin katanga tsayin mutum. Sigina ba zare ba ce, tana buƙatar sarari mai kumburi a tsakiya kewaye da layin da ya haɗa eriya biyu, kuma doguwar igiya ta fi gajera buƙatar wannan sarari. A tazarar kilomita ɗaya, a megahaz 900, kumburin a tsakiyar hanya ya kai mita 9 kowane gefe, ana so aƙalla kashi 60 cikin ɗari nasa ya zama babu komai, wato mita 5 da rabi. A gigahaz 5.8 mita 2 da ɗan abu kawai ake nema. Eriya a mita biyu ke nan ƙasa kanta ce ke cinye siginar tun kafin dabino ya taɓa ta. Ɗaga ta zuwa mita shida ya fi sayen mai ƙarfi amfani. Akwatin rediyon shi ma ya hau sama tare da eriyar, a sauko da wayar sadarwa, don doguwar wayar eriya tana zubar da sigina a hanya.

Wutar garke: kyamara ɗaya da rediyonta suna cin wajen wat 8 da rana, su haura da dare idan fitilar ganin duhu ta kama, ka ƙiyasta wat-awa 200 zuwa 250 a yini. Farantin sola mai wat 100 da batir mai bolt 12, amfiya-awa 50, sun isa kyamara ɗaya da rara, na biyu sai a ninka. Rana ba ta ƙaranci a Madina, zafi ne abokin gaba. Batirin dalma yana rasa kusan rabin rayuwarsa duk lokacin da zafin wurinsa ya ƙaru da digiri 10 sama da 25, akwatin ƙarfe a tsakar ranar Yuli kuwa ka san yadda yake. A sa batirin a inuwar farantin, cikin farin akwati mai shan iska. Ƙura ba ta hana wannan sigina wucewa, amma tana rufe faranti da gilashin kyamara, haris ya riƙa gogewa duk mako.

Ta ɓangaren kutse, na'urar da ke da tambarin tantancewar HaLow tana zuwa da kariyar WPA3, mai kyau ce. Da yawa daga masu arha ba su da tambarin, kuma ba sa magana sai da 'yan gidansu, ranar da ɗaya ta ƙone sai ka sake duka. Ka canza kalmar sirrin da kyamara ta zo da ita. Sannan ka saita rikoda ta yi ƙara idan kyamara ta ɓace fiye da minti ɗaya, domin kowace rediyo ana iya danne ta da hayaniya, ɓacewar da kanta labari ne.

In Allah ya sa ka kama hoton mai yi maka wannan ɓarna, kai shi wurin shurɗa, wato 'yan sanda. Dokar amfani da kyamarorin tsaro da aka fitar a 2022 ta hana yaɗa abin da aka naɗa ba da izinin hukuma ba, kada yara su ɗora shi a WhatsApp ko TikTok wanda aka zalunta ya koma mai laifi. Kuma a karkatar da kyamarorin daga gonar maƙwabci da ɗakunan ma'aikata.

Kafin ka biya kowa, ka sa mai haɗawar ya zo da na'urorinsa a gwada a wurin, a tsayin da za a kafa su, kyamarorin duka suna aiki tare, kuma a bar su su kwana. Washegari ku duba bidiyon tsakanin ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na dare ku ƙirga sau nawa ya yanke. A yi gwajin bayan an yi ban ruwa, famfo yana kunne, domin injin da ke sarrafa gudun famfon shi ma yana fitar da hayaniyar lantarki. Idan kuma ɗanka zai iya, ya aiko min da hoton gonar daga Google Maps da alamar inda tanki yake da tsayinsa, da lambar samfurin da ya gani, sai in faɗa muku inda ƙarfe zai tsaya da tsayin da yake buƙata.